Kunnen Direkta

Litinin, 4 ga Maris 1985, da la'asar

Tun da na fara buga takardu a biro, wato ofishin furojen rijiyoyin nan na Tanut, Direkta bai taɓa ce mini in zauna ba sai yau. Ya rufe ƙofa, ya jawo wani magneto, na'urar ɗaukar magana, sabo fil daga aljihun tebur, ya ajiye a gabana kamar mai nuna jariri.

Maganar batiri ce. Furojen na da rediyo a nan, da Belbeji, da kwarin Tarka, da Falanko, da Ollelewa. Safe da rana Baba Idi yakan kira su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi inda haƙa ta kai da simintin da ya rage, sannan ya ce Tanut ta rufe, ya kashe. To batiran daji mutuwa suke yi tun kafin mota ta kai musu wasu. Watan jiya rijiya ta rufta wa wani lebura a Ollelewa, aka rasa yadda za a kira mu, sai a kan raƙumi aka kawo labari. Mutumin ya rayu, amma ya rasa ƙafa. Direkta ya ce shi ya san inda wutar take tafiya: da zarar Tanut ta kashe, sai mutanen daji su buɗe hira tsakaninsu, tunda abin nan kamar tsakar gida yake, ɗaya ya yi magana kowa na ji.

Daga gobe Baba Idi zai ce ya rufe, amma ba zai kashe ba. Magneto zai ɗauki duk abin da aka faɗa. Shi kuwa Direkta mutumin Yamai ne, Hausarsa ta sayen albasa ce, don haka ni zan zauna da shi in juya masa zuwa Faransanci. Ya ɗaga yatsa ya ce kada kowa ya ji, ko da mijina ne.

Ko da mijina. Gidiyon ne ke riƙe da rediyon Belbeji, shi ne shugaban mahaƙa a can. Rabona da ganinsa tun sabuwar shekara. Muryarsa kawai nake samu ta jikin bango, tana lissafin siminti. Gaskiya murna na yi. Na ce yanzu zan ji shi yana magana irin ta mutane.

Talata, 5 ga Maris, da azahar

Ashe haka suke! Baba Idi na cewa ya rufe, sai ka ce an buɗe kasuwa. Sidi na Ollelewa ya gaida kowa, ya gaida iyalin kowa, har jakin Dado na Falanko sai da ya tambayi lafiyarsa. Dado ya yi kukan tsadar hatsi. Wani ya tambaya ko an ga hadari ta kudu, aka yi ta yi masa dariya, hadari a watan Maris. Gidiyon bai ce komai ba sai gyaran murya, amma na san gyaran muryar mijina.

Direkta ya ce me suke cewa? Na ce suna tuna wa juna maganar igiya da guga. Ya dube ni, ya dubi magneton, ya ƙyale. Mutanen nan watanni suke yi a daji, fari ya cinye komai, ba abin da suke gani sai rairayi da mushen shanu. Ba ni ce zan raba su da gaisuwa ba.

Alhamis, 7 ga Maris, da azahar

Yau akwai muryar mace.

Na daɗe da sanin Liyatu ce ke riƙe da mangaza, ɗakin ajiyar kaya, da rediyon kwarin Tarka, ni na buga takardar ɗaukarta aiki da hannuna. Cocinmu ɗaya a Damagaram. Ita ce ke ja wa mata waƙa, ni ina layin baya inda ake sa masu motsa baki. Ba ta yi aure ba, wai tana jiran nufin Allah. Nufin Allah kuwa ya kai ta inda jaki zai kai mutum Belbeji kafin rana ta yi zafi.

Ta ce, "Belbeji, kwanonka na wurina fa. In ba ka aiko ba, na gaje shi."

Ya ce, "In za ki maido, kada ki maido shi wayam, ƴar Tarka." Sai ya yi dariya.

Na ce wa Direkta maganar mabuɗin mangaza suke yi.

Wane kwano? Kwano ɗaya na sani a Belbeji, langata mai jan fure. Cikin kayan ɗakina na ciro ta na zuba masa dambun nama.

Alhamis ɗin dai, da magariba

Ƴar Tarka.

Asabar, 9 ga Maris, da hantsi

Rissa direba ya tsaya ƙofar gida da kamiyonsa, babbar motar kaya, zai kai siminti Belbeji. Na ba shi yaji da ƙuli-ƙuli, a cikin leda wannan karon. Ya gyara rawaninsa ya ce, "Madam, babu saƙon baki?"

Kalma kaɗan ce: ka ce masa ya yi hankali da rediyo. Rissa ba mai surutu ba ne, da ta isa lafiya. Ta zo har bakina.

Na ce, "Ka ce ina gaishe shi."

An ce kada in faɗa wa kowa. Ni mai bin doka ce. Tun yaushe, ban sani ba.

Lahadi, 10 ga Maris, bayan sujada

Mu kaɗan ne a garin nan, ɗaki ɗaya ya ishe mu. Aka ta da waƙa ba mai ja, kowa ya kama nasa gefen. Wata ta ce da Liyatu na nan da ta daidaita mu. Na ji kamar in tashi in fita. Ko a gidan Allah ba za a bar ni da sunan nan ba?

Talata, 12 ga Maris, da azahar

Liyatu na tari. Ƙaramin tari, irin wanda ko akuya ba za ta waiwaya ba. Ya ce ta tafasa citta da kanumfari, ta daina shan ruwan tulu da sassafe, ya ce zai sa a nemo mata zuma wajen Fulani. Watan Janairu na kwanta da zazzaɓi har ba na gane mutane, ya sani, Rissa ya gaya masa. Me na ji ta bango? Buhun siminti kaza, ƙarfe kaza.

Na sani, na sani. Lokacin aiki ne, ba zai iya ba. Amma zuma?

Na ce wa Direkta suna maganar maganin leburori.

Laraba, 13 ga Maris, da la'asar

Direkta ya fita zuwa wajen hukuma, ya bar magneton a kan tebur. Na mayar da kaset ɗin Alhamis baya. Ba maganar nake nema ba, dariyar ce. Tana farawa can ƙasa, ta tsaya, sannan ta ɓalle. Na san wadda yake yi wa abokai, na san wadda yake yi in na ƙona tuwo. Wannan ban san ta ba. Ko kuwa na san ta, da can, a gindin dalbejiyar gidan mahaifina, lokacin da yake zuwa zance da takalmin aro.

Ban san sau nawa na mayar ba. Sai na ji Baba Idi a bayana. Tsohon soja ne, tafiyarsa ba ta ƙara.

Ya ce, "Hulda, ƴata, za ki cinye batirin wannan ma."

Na ce ina gyara fassara ne.

Ya ce, "To. Allah ya ba da sa'a." Ya ɗauki butarsa ya fita.

Juma'a, 15 ga Maris

Ba su yi magana da juna ba yau. Wannan ya fi damuna. Me ya sa ba sa bukatar rediyo?

Litinin, 18 ga Maris, da azahar

Matar Sidi ta haihu, namiji. Ya sanar bayan an rufe. Rediyo ta kaure da barka, Dado ya ce shi zai zaɓi suna, Liyatu ta rangaɗa guɗa har magneton ya yi ƙara. Gidiyon ya ce, "Allah ya raya, Allah ya ba marasa." Ya faɗe ta a hankali, mu da har yau ba mu samu haihuwa ba. Kowa ya ce amin. Ni ina zaune gaban Direkta da fensir a hannu, na rasa inda zan sa idona.

Direkta ya ce wannan ihun na mene ne? Na ce sun tarar da ruwa a sabuwar rijiyar Ollelewa. Ya ce abin mamaki, da safe Sidi ya ce har yanzu dutse suke fasawa. Ya kashe magneton ya ce, Madam, ni ba na jin Hausa amma ina jin dariya, kuma siminti ba ya ba mutum dariya. Ya ce in aikin ya fi ƙarfina, zai nemo wani daga waje ya saurari kaset ɗin tun daga farko.

Wani daga waje. Ya zauna ya ji maganar kwano, gobe a ji ta a kasuwar Tanut.

Laraba, 20 ga Maris, da asuba

Na yi mafarkin ina ja wa mata waƙa, na buɗe baki sai lissafin siminti ke fitowa.

Ba ta fi ni kyau ba. Na tsaya gaban madubi na duba da gaskiya, ba son kai. Tsawo ne kawai, da wushirya. Kuma ita ba ta da aikin yi da yamma sai dafa miya.

Alhamis, 21 ga Maris, da azahar

Ta ce, "Belbeji, ina za ka yi Ista? In ba Tanut za ka ba, ka zo nan. Mun haɗa mun sayi ɗan akuya."

Amsar ba ta da wuya. Yana da gida, yana da mata, ya yi mini alkawari tun Janairu.

Ya ce, "Mu gani dai."

Mu gani dai!

Direkta ya tambaya. Na faɗa masa gaskiya. Aikina ke nan, don shi aka zaunar da ni.

Alhamis ɗin, da magariba

Faransancina bai taɓa zuba kamar yau ba. Kalmomin da na manta tun ina lakwal, ina ƴar makaranta, duk suka dawo, har sunan citta. Ya sa muka koma kaset ɗin baya, ya yi ta rubutu. Da ya zo kan Sidi da Dado na ce waɗannan aiki suke yi.

Na dafa tuwo na kasa ci. Zafi ne ya yi yawa.

Juma'a, 22 ga Maris, da hantsi

Na zaci zai kira Gidiyon Tanut ne ya yi masa faɗa a ɗaki, ƙofa a rufe. Haka na zata, Allah ya sani. Na ce zai zo, ya kwana gida, mu yi magana.

Direkta da kansa ya karɓi abin magana daga hannun Baba Idi a kiran safe, duk tashoshi suna saurare. Ya ce rediyon furoje ba ta kwano da miya ba ce, ba ta zuma da ɗan akuya ba ce. Ya ce Belbeji da Tarka, in kuna da zancen da za ku yi, ku nemi inuwa, kada ku ƙone batirin da ran mutum ya rataya a kai. Ya ce akwai magneto, ya daɗe yana ɗauka. Ya ce za a cire rediyon Tarka, Belbeji kuma wannan ne gargaɗin ƙarshe. Su biyu kaɗai ya ambata.

Rediyo ta yi shuuu. Can Gidiyon ya ce ya ji.

Na ci gaba da buga takarda. Da na duba, layi ɗaya na buga sau uku.

Asabar, 23 ga Maris

Baba Idi ya ce "ina kwana", na ce "lafiya lau", ya wuce. Shi da sai ya tambayi gajiya, ya tambayi gida, ya tambayi labarin Damagaram.

Litinin, 25 ga Maris, da azahar

Kowa ya san Direkta ba ya jin Hausa. Kowa ya san wa ke zama da shi. Ban yi tunanin wannan ba, ni mai wayo.

An rufe yau, magneto na juyawa, ba ko tari. Direkta ya ji daɗi, ya ce batiri zai huta. Gaskiyarsa ce, zai huta.

Akwai wani sabon abu. Gidiyon da Faransanci ya ba da rahotonsa. Shi da bai wuce aji huɗu ba, Faransancinsa na wajen aiki ne, yana yi yana tuntuɓe. Tun da aka kafa rediyon nan da Hausa yake magana, Baba Idi ya rubuta. Yau ya lallaɓa ya kai ƙarshe, kalma ɗaya ta Hausa bai saka ba. Direkta ya ce madalla, wannan ba ya bukatar tafinta.

Laraba, 27 ga Maris, da la'asar

Rissa ya dawo da rediyon Tarka a bayan kamiyo, naɗe cikin bargo. Na same shi yana dafa shayi a inuwar motar. Ban tambaye shi ba, na tsaya ne kawai.

Ya ce, "Liyatu ta tafi, Madam. Jiya, motar ƴan kasuwa, Damagaram. Ta ba ni mabuɗi ta ce in kawo. Leburori sun fara yi mata waƙar kwano, ba ta iya fita ɗiban ruwa."

Na ce ai ba korarta aka yi ba.

Ya ce, "A'a, ba a kore ta ba." Ya ɗaga butar sama ya tsiyaya. "Mai dafa wa mahaƙa ta gudu tun lokacin sanyi, yunwa ta kore su kudu. Liyatu ke dafa wa duk wanda ya biyo. Kwanon kowa na wurinta. Har nawa."

Na ce, "Kowa ne yake nemo mata zuma?"

Ya dube ni ta saman rawani. Ya ce, "Ni direba ne, Madam. Hanya nake kallo."

Ban tambaya ko akwai saƙo ba. Da akwai da ya faɗa.

Alhamis, 28 ga Maris

Ta tafi. Abin da nake so ke nan, ko ba shi ba? To.

Lahadi, 31 ga Maris, bayan sujada

Yanzu tana Damagaram, a cocinmu, gaban Mama da ƙannena. Za su rungume ta su ce ta rame, za su tambaye ta labarina. Me za ta ce? Na san ta, ba za ta ce komai ba, za ta sunkuyar da kai ne kawai, kowa ya ce kai, Liyatu akwai haƙuri. Har a nan ma sai ta fi ni.

Kuma har yanzu ban san ko akwai wani abu ba. Ina jin haushinta da safe, da rana in ji kunya, da yamma in koma jin haushi. Dariyar nan dai ban ƙirƙire ta ba, tana cikin kaset.

Talata, 2 ga Afrilu, da azahar

Faransanci. Sidi da Dado ma sun bi shi. Baba Idi yana rubutawa yana tsaki.

Laraba, 3 ga Afrilu, da yamma

Na share ɗaki, na wanke zannuwan gado, na yi kitso. Rissa zai je Belbeji Asabar da safe ya juyo a ranar, gaban motar akwai wurin mutum ɗaya.

Juma'a, 5 ga Afrilu, ranar gicciye, da la'asar

Direkta zai tafi Damagaram hutu, sai ya matso da kiran rana ya faɗo daidai lokacin masallaci. Baba Idi ya ce shi kam ba zai bar Juma'a ba. Direkta ya ce to Madam ta karɓa, ai ta san yadda ake yi. Ya danna magneton da kansa, ya zauna gefe yana duba takardu.

Ban taɓa riƙe abin maganar nan ba. Ya fi yadda nake zato nauyi. Na kira Falanko, Dado ya amsa a taƙaice. Na kira Ollelewa, haka. Na kira Belbeji.

Ya faɗi inda haƙa ta kai, ya faɗi siminti, da Faransancinsa mai ɗingishi. Ya gane muryata, na ji inda ya ɗan tsaya. Saura in ce Tanut ta rufe. Ban saki maɓallin ba. Na san Dado na ji, Sidi na ji, na ga kaset na juyawa, Direkta na nan ko taku biyu babu.

Na ce da Hausa, "Maigida, ka wuni lafiya? Ya zafi? Rissa zai zo gobe. Ka biyo shi, don Allah. Ka zo gida ko faɗa ne mu yi."

Na saki. Shuuu ɗin nan ya yi tsawo har na zaci batirinsa ne ya mutu. Sai ya danna. Na ji numfashinsa, na ji ya gyara murya. Da Faransanci ya ce Belbeji ba ta da wani abin ƙarawa, ta rufe.

Na kashe.

Direkta ya ajiye takardunsa ya ce, Madam, wannan na ƙarshen ba na aiki ba ne, ko? Me kika ce?

Na fassara masa duka, kalma bayan kalma, har da don Allah. Bai rubuta komai ba. Ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya daɗe yana gogewa. Sannan ya ce, shi kuma me ya ce?

Na ce, "Mushe Direkta, ai ka ji da kunnenka."